Lahadin Baba Jatau

Kullum kafin ƙarfe shida na safe Baba Filibus Jatau ya riga ya jingine kekensa a jikin katangar majemar da muke aiki a Challawa. Daga Panshekara yake tuƙo shi, kuma duk wanda ya ba shi shawarar ya sayi babur sai ya ce masa keke bai taɓa tambayarsa kuɗin mai ba. Yana shiga sai ya zura dogon takalmin roba ya wuce sashen ganguna, inda ake juya fatun awaki da tumaki cikin ruwan magani har gashi ya zube, fata ta yi laushi. Yakan tsaya gaban gangar farko, ya cire hula, ya ɗan motsa baki. Sannan ya buɗe murfi, ya jawo fata ɗaya, ya tuɓe safar hannu ya murza ta tsakanin yatsunsa. Mun yi magana har mun gaji a kan tuɓe safar nan, domin magani ya cinye masa tafin hannu duk ya tsattsage, amma ya ce roba ba ta jin fata. Abin da injiniya zai auna da kwalba da takarda, shi da babban yatsa yake gane shi. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma garinsu, can wajen Sumaila.

Na ɗauki alƙalami ne in yi masa jinjina, amma ku yi mini haƙuri, raina a ɓace yake. Ina jin haushin kwamitin ikilisiyarmu. Ina jin haushin Baban shi kansa. Wanda na fi jin haushi kuwa ni ne, Dogara, abokin aikinsa kuma magatakardan kwamitin, domin da hannuna na rubuta takardar da ta sa dattijon nan ƙarƙashin horo.

Wanda ba ɗan ikilisiya ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a ciki. To, wanda ke ƙarƙashin horo bencin baya ne wurinsa, ba ya karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke rabawa a majami'a, kuma in zai bar gari ba a ba shi takardar shaida ya kai wa ikilisiyar da zai koma. Wato mutum mai shekara sittin da biyar zai isa majami'ar da mahaifinsa ya ɗora wa jinka, jikokin ƙannensa suna kallo, a nuna masa bencin masu laifi. Laifin nasa kuwa shi ne ba ya zuwa sujadar Lahadi.

Ga yadda aikin namu yake. Fata ba ta san Lahadi ba. In lokacinta ya yi a cikin ganga ba a juye ta ba, ta lalace, kuma ba ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne. Mu uku ne a sashen muka san lokacin ganguna: Baba, da Malam Ya'u, da ni. Ranar Lahadi dole mutum biyu su tsaya. Malam Ya'u Musulmi ne, tun da daɗewa suka shirya da Baba cewa Juma'a tasa ce, mu riƙe masa gangunansa, shi kuma ya zo kowace Lahadi. Ɗaya gurbin muka riƙa karɓa-karɓa, wannan mako Baba, mako mai zuwa ni.

Shekara shida da suka wuce 'yata Murna ta rasu. Shekararta tara, zazzaɓi ne na kwana uku. Ba zan iya tsawaita wannan maganar ba har yanzu. Abin da zan ce kawai, na daina zuwa majami'a, na daina addu'a, in an tashi aiki sai in bi ta mashaya kafin in isa gida, matata Hannatu tana kukan 'ya tana kukan miji. Masu zuwa gaisuwa kowa da wa'azinsa a baki, ni kuwa ji nake kamar in rufe su da duka. Baba ne kaɗai bai yi mini wa'azi ba. Kusan wata guda yana zuwa da la'asar, ya zauna a tabarma ya yi shiru, in ya gaji ya hau kekensa.

Ranar da ya buɗe baki cewa ya yi, "Dogara, shekarar da aka rufe masaƙar da nake aiki a Bompai, a ita na binne matata, na binne ɗana na fari. Saboda haka ba zan yi maka ƙarya in ce zai daina ciwo ba. Amma fushin nan da kake yi da Allah, ka kai masa shi har gida. Ya iya ɗauka."

Na ce, "Baba, ko waƙa ɗaya ba zan iya yi ba."

Ya ce, "Wa ya ce ka yi? Ka je ka zauna a tsakiyarsu, su yi maka. Ai amfanin taro ke nan."

Na je. Na zauna kamar dutse makonni da yawa, sannan wata rana na ji bakina yana bin amshi. A cikin watan ne Isyaku, shugaban sashenmu, ya kira ni ya ce manaja ya yanke cewa tunda babu injiniya ranar Lahadi, tsofaffin hannu biyu ne kawai za su riƙa zuwa, an cire sunana. Na yi godiya na fita. Ban tambayi komai ba. Na zama ɗan gaban benci, na shiga ƙungiyar mawaƙa, har aka ga hankalina aka ba ni littafin kwamiti.

Shi kuwa Baba ya ɓace daga sujadar safe gaba ɗaya. Da farko ana cewa kamfani ne ya matsa masa. Bara sai wani daga cikin dattawa, mai son bin diddigi, ya haɗu da Isyaku a wurin ɗaurin aure ya tambaye shi don me suke hana tsoho bautar Allah. Isyaku ya manta da abin da ya faɗa mini shekarun baya, ya ce ai babu mai hana shi, shi ya zaɓa da kansa. Shi ke nan. Aka zo zaman kwamiti ana girgiza kai, ana cewa ruwa ba ya tsami banza, tsoho ya bi kwaɗayin duniya, ko kuma yawan zama da waɗanda ba namu ba ya sanyaya masa zuciya. Ni da ke aiki da shi kafaɗa da kafaɗa, ni da na san babu ƙarin ko kwabo a aikin Lahadi, na ji "shi ya zaɓa" sai na hau fushi da shi maimakon in tsaya in yi tunani. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa.

Aka kira shi gaban kwamiti. Fasto ya tambaye shi sau uku ko yana da dalili. Ya sunkuyar da kai yana juya hula a hannu ya ce, "Aiki ne, Fasto." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wane irin taurin kai ne wannan, don Allah? Kalma biyar da sun wanke shi, ya ƙi furta su.

Wata goma sha ɗaya ya yi a haka. Hannatu ce ta fara kawo mini maganar da ta dame ni, domin zumuntar mata suna share majami'a ranar Lahadi da yamma. Ta ce kowane mako, wajen ƙarfe uku, bayan kowa ya watse, Baba yakan zo kai tsaye daga aiki da warin jima a jikinsa, ya zauna a bencin baya shi kaɗai, ya yi waƙa can ƙasa-ƙasa da muryarsa marar daɗi, ya yi addu'a, ya tafi. Ta ce ran nan ta ga ya tsaya ya daɗe yana kallon teburin Jibi, babu komai a kai sai farin ƙyalle. Na ce mata nadama ce ta kama shi. Kun ji irin hankalin magatakarda.

Malam Ya'u ne ya fasa ƙwan. Makonni uku da suka wuce muna wanke hannu a bakin famfo, na ce masa abin tausayi, Baba zai tafi gida babu takarda. Ya tambaye ni wace takarda, na yi masa bayani. Ya rufe famfo ya dube ni.

Ya ce, "Kai Dogara, ashe har yau ba ka sani ba, ko kuwa ka sani kake yi? Lahadin wa kake tsammani kake ci shekara shida?"

Na ce manaja ne ya cire ni.

Ya ce, "Wane manaja? Ina tsaye a wurin Malam Filibus ya roƙi Isyaku ya mayar da sunanka nasa, ya kuma roƙe shi kada ka ji. Ya ce yaron nan in ya rasa Lahadi ɗaya zai koma inda ya fito. Wallahi da a masallacinmu yake, sahun gaba za mu ba shi. Ku kuma kun kai shi baya."

Kunya ta sa ban iya cin abincin rana ba. Na sami Baba a gindin gangar ƙarshe, ban ko gaishe shi da kyau ba.

Na ce, "Baba, me ya sa kuka yi mini haka? Kun bar ni na rubuta muku takardar horo da hannuna."

Ya ce, "Da na faɗa, da ka dawo aikin Lahadi. Ba ka yi ƙwari ba a lokacin."

"To bara fa? Shekara biyar ba ta isa in yi ƙwari ba?"

Ya ce, "Wataƙila ta isa. Amma da na faɗa a gaban kwamiti, da kai ne za ka sha kunya, ga matarka, ga mutane. Ni kuwa tsoho ne, benci duk benci ne."

"Ba ku ji ciwo ba?"

"Na ji mana. Ranar Jibi ina nan ina juya fata, na san daidai lokacin da ake miƙa ƙoƙo." Ya taɓa ƙirjinsa. "Amma Dogara, mece ce sujada? Abin da kake da shi ka ɗauka ka miƙa wa Allah. Wani murya gare shi, wani buhun dawa. Ni ba murya, ba gona. Lahadi ce da ni, ita na bayar."

Ban yarda da shi duka ba, kuma har gobe ban yarda ba. Shirun nasa ya sa ikilisiya guda ta yi zalunci ba ta sani ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina da bakin yi masa faɗa?

Na kira zaman gaggawa na faɗi komai. Za ku ce nan take aka tashi aka tafi ba shi haƙuri. Ina. Sa'a biyu muka yi ana gardamar ko tsarin ikilisiya ya yarda a ɗage horo ba tare da mai laifi ya rubuto takardar tuba ba. Na ce ya tuba daga me? Wani ya ce ko ba komai ya yi wa kwamiti ɓoye-ɓoye. Sai da Fasto ya buga tebur ya ce in akwai mai rubuta takardar tuba a ɗakin nan, mu ne, sannan aka ɗage horon.

Lahadin da ta wuce ita ce ta Jibi, kuma ita ce ta ƙarshe kafin ya tafi. Sunansa na jikin allon aiki kamar kullum. Na goge na sa nawa. Ya zo yana faɗa wai zan lalata masa fatu, na ce su lalace. Saboda haka ban ga abin da ya faru ba, ina Challawa tare da Malam Ya'u. Hannatu ta ce duk da an aika masa tun ranar Laraba cewa an ɗage horon, bencin baya ya nufa, sai da Fasto ya sauko da kansa ya kamo hannunsa. Ta ce da aka miƙa masa ƙoƙon ya riƙe da hannu biyu ya daɗe bai sha ba, har masu waƙa suka rasa inda suke suka sake baiti.

Baba Jatau, kai ne ka zauna mini a tabarma wata guda ba ka ce uffan ba, lokacin da kowa ke da magana. Kai ne ka riƙe wa Musulmi Juma'arsa, ka riƙe wa Kirista Lahadinsa, kai kuma ka tashi babu ko ɗaya. Gwanin ganga, mai taurin kan da ya fi ƙarfin kwamiti. Na gode. Hannatu ta gode, da ƙannen Murna biyu da suka tashi suka sami uba a gida ba a mashaya ba. Ka yafe mini. Takardar shaidarka tana hannun Fasto, na rubuta ta sau uku kafin ta yi mini.

Ku kuma masu karatu, na Sharada da na Bompai da na Challawa, in kun sami kanku zaune a inuwa kuna waƙa ranar hutu, ku bincika ko akwai wanda ke tsaye a rana saboda ku. In kun ga ɗan'uwa ya daina zuwa, ku taka ku je inda yake tun kafin ku zauna a kansa. In kuma kuna da rana guda da za ta tsayar da wani da ƙafafunsa, ku ba shi, amma don Allah in an tambaye ku ku faɗi gaskiya, kada ku bi Baba a wannan.

Daga wata mai zuwa mu biyu muka rage da muka san ganguna, ni da Malam Ya'u, kuma koya wa sabon hannu yakan ɗauki shekara. Wato kowace Lahadi ina Challawa. Ina sanar da kwamiti tun yanzu. In kun ga wurina babu kowa, ku zo majami'a ƙarfe uku, za ku same ni.