Inda Na Tara Ganyen

A garinmu matattu unguwarsu daban, can bayan gari. In ba sarki ko babban malami ba, ban taɓa jin an binne mutum a cikin gidansa ba sai da na zo Legas. Ba don in wanke kaina nake faɗin haka ba, so nake a gane yadda abin ya faro.

Shekara ta dubu biyu ina zaune a Agege, ɗaki ɗaya kusa da layin dogo, ina sana'ar askin shinge da gyaran fulawa a gidajen masu hali. Sai aka haɗa ni da wani Bayerabe, Musulmi, wanda ya gudu ƙasar waje a zamanin soja, ya dawo da aka koma mulkin farar hula. Gidan mahaifinsa ya zo tayarwa. 'Yan haya sun yi shekaru a ciki, sun sare itatuwa, sun bar shinge ya yi gashi kamar kan mahaukaci.

Doka ɗaya Oga, kamar yadda nake kiransa, ya kafa mini, kada in ƙona ganye. Mahaifiyarsa za ta dawo bayan an gama gyara, kuma tana da ciwon ƙirji, ba ta shiri da hayaƙi. Motar shara kuwa sai ta ga dama take zuwa. Na ce masa ai wannan ba matsala ba ce, mu a gida abin da ya fito daga ƙasa, ƙasa muke mayar wa. A tona rami, a zuba ganye, a bi shi da kashin shanu da toka, a yayyafa ruwa, bayan wata uku ya zama taki. Ya yi ta jinjina kai kamar na zo masa da ilimin jirgin sama.

Na zaga lambun ina neman wuri. A kusurwar gabas, jikin shinge, na ga ƙasa ta ɗan lotsa. Malalacin da ke cikina ya ce ga rami an fara maka, ƙarasawa kawai za ka yi. Ƙasar da laushi, shebur na shiga ba gardama. Na kai gwiwa, na kusa cinya, sai bakin shebur ya bugi katako. Na share da hannu. Katakai ne gajeru, an jera su a gicciye, ɗaya na bin ɗaya, an toshe tsakaninsu da laka.

Na sha sa hannu a jana'iza, na san wannan jeri. Na ɗaga kai na dubi tsawon lotsawar, na dubi inda ta fuskanta. Rana tsaka ce, ana ta hon a titi, ni kuwa ga ni tsaye a cikin kabari.

Abin da ya kamata shi ne in je in faɗa. Amma a shekarun nan gari a ɗame yake, kuma baƙo da shebur a cikin kabari ba ya samun damar yin bayani. Kafin ya buɗe baki an kawo taya da fetur. Na mayar da ƙasa da sauri, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban gama ba sai ga Oga a kaina, ya leƙa, ya ce wurin ya yi daidai, babu mai ganin tarin daga ƙofa. Na ce, "To, Oga." A gabansa na juye baron farko na ganye.

Daga nan kullum sai na ƙara. Reshen shinge, ciyawa, ɓawon doya daga kicin, kashin shanu da nake ɗaukowa a buhu daga mayankar Oko-Oba. Da ka ga tarin ka san gwani ne ya haɗa shi, wannan kam ba zan yi ƙaryar tawali'u ba. Da safe yakan yi tururi. Na san dalili, kowane taki haka yake in ya kama ruɓa. Amma sanin bai hana gabana faɗuwa ba, don duk yadda na tara shi a zagaye, bayan kwana biyu sai in tarar ya zauna a tsawon kabarin. Kajin maƙwabta kan tona ko'ina a lambun, ban taɓa kama ko ɗaya a kansa ba. Na daina juya masa baya in ina aiki. Har sallama na koma yi masa ƙasa-ƙasa in na iso.

Bayan wata biyar Mama ta dawo. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga haske da duhu. Ta yi cinikin goro da mutanenmu a Agege tun tana budurwa, Hausa a bakinta har da zolaya. Ranar farko ta kama hannuna ta shafa, ta ce, "Wannan hannu na noma ne. Me ya kawo ka aski?"

Kwana uku da zuwanta ta sa aka kira ni.

"Ɗana, kai ka san lambun nan. Ina itacen lemo?"

Na ce ban tarar da lemo ba.

Sannan ta gaya mini cewa maigidanta ya rasu lokacin da sojoji ke neman ɗansu, aka binne shi a gaggauce, babu siminti babu alama, ita ma ta bar ƙasar bayan kwana arba'in. Taku bakwai ne daga gindin lemon. Ɗan bai ga jana'izar ba, waɗanda suka haƙa kuma sun watse. "So nake in tsaya a kansa in yi masa addu'a," ta ce. "In nawa ya zo, a sa ni kusa da shi. Ba ka ga wata alama ba?"

"Ban gani ba, Mama."

Ban taɓa jin muryata ta fito sumul kamar ranar ba, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Muka shiga neman kututturen lemo, ni da na san babu amfani ina gaba-gaba. Aka sami wani tsohon kututture a kusurwar yamma, Oga ya ce lallai shi ne. Ni mai aikin itace na san na gwaiba ne, na ja bakina. Kowace safiya ni ke kai mata kujera can. Ta zauna da carbi, ta fuskanci ƙasar da babu kowa a ciki, ta yi ta magana da Yarbanci a hankali, wani lokaci har da dariya. Ni kuma ina ɗaya kusurwar ina juya taki.

Wata safiya ina cikin juyawa sai na ji ta yi shiru. Na waiga. Ta juyo gaba ɗaya a kan kujerar, fararen idanun nan a kaina, ko a kan abin da ke bayana.

"Ɗana, me kake dafawa a can?"

"Taki ne, Mama."

"Yana da ɗumi?"

"Da ɗumi."

Ta daɗe tana kallon wajen. Ta ce, "Nan inda nake zama ba na jin kowa." Ta koma ga carbinta.

Na yi niyyar faɗa mata ranar Juma'a. Juma'a ta zo na ce sai Oga ya yi tafiya. Ya yi tafiya ya dawo. Haka na yi ta ɗagawa har mako shida, kullum da dalilina mai kyau.

Wata ranar Talata da hantsi na iso na tarar da takalma a ƙofa. Ƙirjin ne ya tashi mata bayan asuba. Za a yi jana'iza da la'asar, kuma da yake ni ne mai shebur a gidan, Oga ya kama hannuna ya kai ni kusurwar yamma, ya nuna gefen kututturen gwaiba. Idanunsa sun kumbura. Ya ce in haƙa a nan, kusa da babansa.

Na kafa shebur, na ɗora ƙafa, ƙafar ta ƙi dannawa. Tsoron taya da fetur yana nan, bai je ko'ina ba. Amma na ga in na haƙa ramin nan, ni ne zan raba su har tashin kiyama. Na ce, "Oga, Baba ba ya nan. Zo ka gani."

Mu biyu muka kwashe tarin, shi da farar rigarsa, yana tururi a fuskarmu. Da katakon farko ya bayyana ya durƙusa ya dafa shi. Mutane sun taru nesa kaɗan a bayanmu. Ya ɗago ya dube ni.

"Tun yaushe ka sani?"

Da na ce yau, da ya yarda. Na ce, "Tun kafin ta dawo."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, bai kuma gaya wa mutanen abin da na ce ba. Ya miƙe, ya karɓi shebur ɗin daga hannuna, ya miƙa wa wani.

"Ba kai za ka haƙa mata ba," ya ce.

Na tsaya daga bakin ƙofa har aka gama, sannan na bi layin dogo da ƙafa zuwa Agege.