Dankalin Hariata

Errol Pascoe tsohon direban bas ne, kuma ko da ya ajiye aiki bai ajiye halin ba. Ba ya son dogon zance, ba ya son a ce masa ya ɓata hanya. A layinsu, a wani gari na bakin teku a New Zealand, an san shi da gajeren wando ko ana zuba sanyi, da kuma kunyoyin dankalin da ke bayan gidansa.

Dankalin na matarsa ne, Hariata, 'yar ƙabilar Maori daga can arewacin ƙasar. Da shi ta tare, cikin kwandon saƙa, ɗan siriri ja wanda kakarta ta gada daga tata kakar, ba a samunsa a kanti. Tare da shi ta zo da dokokin gidansu. Errol ya fara koyonsu tun ranar da ya je gaida surukai ya ɗosana a gefen teburin cin abinci, uwar Hariata ta zaburo masa da tsumman goge kwano. Ba a zama inda ake ajiye abinci. Ba a haɗa wankin tsumman kicin da na kamfai. Abin da ya fito daga jikin mutum ba ya komawa kusa da abin da za a kai baki, ko sau nawa aka tsabtace shi. Shekara da shekaru yana bin wannan, har ya zama shi ke tsawata wa jikoki. Na faɗa ne don kada wani ya ce bawan Allah bai sani ba. Sarai ya sani.

Da Hariata ta kwanta ciwo sai suka sayar da babban gidansu, suka koma wani ƙarami mara bene. Gida dai ba laifi, amma ƙasar bayansa laka ce zalla, in ta bushe sai ka rantse siminti ne. Shekarar farko dankalin ya fito kamar yatsu. Ta biyu rabinsa ya ruɓe a ƙasa, abin da ya tsira bai cika hular Errol ba. Ita kuwa daga gado take leƙe ta taga.

"Yaya mutanena, tsoho?"

"Suna nan, suna gaishe ki."

"Ƙaryarka ta fi tuƙinka muni," in ji ta, ta juya tana dariya tana tari.

A jujin hukumar gari, inda yake kai ciyawar da ya yanke, akwai wani tudun taki baƙi wuluk, yana hayaƙi da safe. Matar da ke tsaron ƙofa ba ta ɓoye masa komai ba. Ganyaye ne da rassa, an haɗa da lakar da ake tacewa daga ruwan masai na gari, a bar shi ya dahu da zafin kansa har ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a gwada.

"Baba, wannan ya fi abin da ke ƙarƙashin farcenka tsabta," ta ce.

Gaskiya ta faɗa, kuma rabin layinsu da shi suke noman tumatir. Sai dai Errol ya san ba maganar cuta ake yi a gidan su Hariata ba. Ya koma gida hannu wofi. Ya zagaya kunyoyin nan da suka zama abin tausayi, ya sake zagayawa. Ranar da 'yarsu ta kai Hariata asibiti a yi mata ƙarin ruwa, ya ɗaura 'yar ƙaramar tirela a bayan motarsa ya ciko ta da takin. Kafin su dawo ya juye takin cikin ƙasa, ya je bakin teku ya kwaso ciyawar ruwa ya shimfiɗa a kai, don in Hariata ta leƙo, ciyawar kawai za ta gani. Wannan shimfiɗar ta fi damunsa daga baya, domin mai yin abu cikin ruɗewa ba ya tsayawa ya rufe sawu.

Dankali ya yi abin da bai taɓa yi ba. A wannan lokaci, cikin Hariata ba ya riƙe kusan komai, amma ya riƙe wannan. Ta ci gasasshe, ta lumshe ido ta ce kamar tana zaune a bayan ɗakin kakarta. Errol ya ce zai duba wani abu a gareji, ya je ya tsaya a can yana kallon bango. Ya yi niyyar gaya mata in ta samu sauƙi. Da shigowar sanyi ta rasu.

Tun daga nan bai sake sa dankalin a bakinsa ba. Amma da lokacin shuka ya zo ya shuka, a ƙasar nan dai, don bai ga yadda zai zuba ido irin ya mutu ba. Maƙwabta na yaba kunyoyinsa ta saman shinge, shi kuwa yana jin kamar su ɗauke idonsu.

Sai ambaliya ta ci gonakin dangin Hariata a arewa, ta haɗa da rumbun iri. Shekara ta kusa zagayowa, lokacin da dangi ke taruwa a buɗe dutsen kabarin mamaci, a yi girkin rami a ciyar da jama'a. Parehuia, yayar Hariata, ta tuƙo tun daga can ita kaɗai, ta faka a ƙofar gidansa ta fito tana dafe ƙugu.

"Baturen Hariata, har yanzu ba ka samu mai ba ka dogon wando ba?"

"Sannu da hanya, Yaya. Shigo ki sha shayi."

"Shayinka mai kama da ruwan wanki? Nuna mini dankali tukuna."

Da ta ga buhunan dankalin jere a inuwa sai ta matsa kusa. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki dankali ɗaya ta shafa, ta share ido da bayan hannu.

"Ka san babu sauran ko ɗaya a wurinmu? Duk zuriyar nan, a ce wai hannun direban bas ne ya riƙe mana shi. Zan faɗa a gaban dattawa, su ji kunya."

Suka shiga lodi, yana ɗagawa tana gyara. Kowane buhu ya ɗauka sai ya ga inda za shi: cikin ramin girki, sannan bakin dattawan da suka yi masa waƙar maraba ranar aurensa, a gefen kabarin matarsa. Saura kwandon iri kawai, wanda ya zaɓo masu kyau ya jera, yana hannunta.

"Yaya, tsaya."

"Me kuma? In kuka za ka yi, bari sai mun je can, akwai 'yan taya ka."

"Takin hukuma na zuba musu. Na juji. Wanda ake haɗawa da na masai."

Ta dube shi, ta dubi kunyoyin.

"Tun yaushe?"

"Tun tana da rai. Irin ne zai mutu, Yaya, na rasa yadda zan yi."

"Ta ci?"

"Ta ci."

"Ta sani?"

Ya girgiza kai.

Ya so ta zage shi, ya ma shirya wa zagin. Ba ta yi ba. Ta ce ya sauke buhunan, ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye rungume da kwandon. Da ya gama, bayan motar ya rage fili, ya miƙa hannu zai karɓi kwandon, sai ta ja da baya. Ba ta sa shi a mota ba, ba ta kuma ba shi ba.

"In na kai musu na yi shiru, na ciyar da su abin da na sani. In na bar shi nan, a hannuna na kakata ya ƙare." Ta ƙara rungume kwandon. "Kai yanzu ka samu sauƙi, ko? Me ya sa ka gaya mini, Errol?"