Tsumma a Gadon Mai Jego

Ana sallame asuba muka baro Gazawa, ni da abokina. An yi wa ƙanwata tiyata an ciro jariri a wani asibiti can wajen Gidan Rumji, inda take aure. Sai ga waya: ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka.

Motar kuwa ba ta san sauri ba. A Agye muka tsaya ɗaukar buhunan gyaɗa. Kowane bango hotunan 'yan takara ne, tunda soja sun ce za su miƙa mulki, fasinjoji sai gardamar zaɓe suke. Abokina ya sayo ƙosai mai tsada kamar da nama aka soya shi. Ko ɗaya ban ci ba. Bayan Maraɗi da Tibiri jandarma suka riƙe mu a shingen bincike, na ji kamar in sauka in taka.

Da muka isa, abin da na fara lura da shi mariƙin ƙofa ne, ja wur. Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya ce jan ƙarfe ne, gwaji ake yi. Ƙwayar cuta ba ta daɗewa a kansa, shi ya sa aka sa shi a ƙofofi da gefen gadaje, inda hannu ya fi kaiwa.

Na duba gadon ƙanwata, ban ga jan komai ba. Ashe Inna, mahaifiyarmu, ta naɗe ƙarfen kaf da tsohon zane. Duk mai zuwa dubiya nan yake dafawa, nan yake goge gumi, ƙanwata ta kama wurin ta tashi, sannan ta taɓa cikinta.

"Inna, a cire tsumman nan," na ce.

"Kai ɗan nan! Ɗiyata na jego, in bari ta taɓa ƙarfe sanyi ya shige ta?"

Majo bai ce tsumman ne ya jawo ciwon ba. Cewa ya yi kawai ƙarfen ba ya aiki a rufe, kuma bai ɗauke wa kowa wanke hannu ba. Inna ta dubi 'yarta tana rawar ɗari, ta warware zanen tana hawaye. Ta je ta wanke hannu da sabulu, ta dawo ta riƙe ƙarfen da tafukanta, wai ya yi ɗumi kafin yarinyar ta kama. Wallahi sai da na juya baya.

Mun juyo gida zazzaɓin ya ɗan sassauta, amma likita bai ba mu tabbas ba, har yanzu wayata na yin ƙara gabana ke faɗuwa. Na dai koyi cewa hannun masoyi ma yana kai cuta. Matata ta tare ni a zaure tana tambaya ko jaririn yana da nauyi. Na ce ban sani ba. Daga bakin ƙofa na yi masa addu'a, ban ɗauke shi ba.