Ranar da na watse kasuwar Badagishiri

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da na kusa barin duniya a rumfar cajin waya ba, kuma ba harsashi ne ya so kai ni ba, bakina ne.

Lokacin ina ƙaramin hafsa a sojan sama, ina koyon tuƙin jirgin yaƙi. Ku ɗalibai da kuka shigo koyon tuƙi yanzu kun san cewa kafin a ba mutum jirgi sai ya sha zama gaban na'urar kwaikwayo. A cikinta akwai muryar mai ba da umarni, wanda ake ɗauka yana cikin jirgin rada a can sama, yana ganin abin da kai ba ka gani. Da Turanci yake magana, da sauri. Zai faɗa maka gefen da jirgin da za ka tare yake, da nisansa, da tsawonsa a sama, da ko ya fuskanto ka. Wani lokaci daga jirginka yake aunawa, wani lokaci kuma daga wani wuri da aka yi yarjejeniya a kansa, kamar yadda makiyayi ke cewa "gabas da rijiya". Daga nan sai ka tambaye shi ko na wane ne, ya ce ba a sani ba, ko namu ne, ko abokin gaba. Sai ya tabbatar kafin ka taɓa makami.

Na faɗi wannan jarrabawa sau ɗaya, saura mini dama guda. Da aka ba ni hutu bayan girbin hatsi, na taho gida da kwamfuta mai irin wannan wasa. Gidanmu ba wuta, don haka ranar kasuwa na je rumfar mai cajin waya na laƙa abin ji a kunne. Dabarata ita ce duk abin da muryar ta faɗa in maimaita shi da Hausa don ya zauna mini. Wurin yarjejeniyar kuwa, don wayo irin nawa, na sa masa suna Kasuwa.

Wanda ya toshe kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. Ashe ina ta rafka: "Su biyu, yamma da Kasuwa, mil ashirin, sun fuskanto. Mil goma. Harba!" Kuma a shekarar ba wanda ke barci da ido biyu rufe saboda ƴan bindiga.

Sai da aka fizge abin daga kunnena na ga duniya. Mata na gudu da tallansu, ana kora shanu daga kara, albasa ta zube ana tattakawa. Mutane sun cika bakin rumfar, wasu da sanduna, ɗaya da adda. Na ji ana cewa ɗan rahoto ne, ga taswira nan gabansa. Katin aikina kuwa yana gida cikin aljihun kaki. Na yi shekaru ba na gari, fuskata ta baƙunta. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Ƙanen mahaifina, Baba Alhasan mai albasa, shi ya ratso ya tsaya gabana ya buɗe hannuwa, yana rantsuwa cewa ɗan wansa ne, har jandarma suka iso. Ajidan, wato shugabansu, ya san mutane ba za su yarda da maganar baki ba, sai ya zaɓi dattawa uku ya ce in sake wasan gabansu, in fassara kowace kalma. Na fara da yi musu bayanin ƙa'idar wasan da aikin muryar da ke sama. Na nuna musu ɗigon da ke zaman jirgina, da biyun da ke tahowa, har na harbo su. Ajidan ya yi tsaki, ya ce wasa ne, a watse.

Wani dattijon Bafulatani bai motsa ba.

"Ɗana, ka ce sai ka tambayi na sama ko su wane na, kahin ka halba."

"Haka ne, Baba."

"To ni ban ji ka tambaya ba."

Gaskiyarsa ce. Don in burge mai jarrabawa da sauri, na saba tsallake tambayar, tunda na san wasa ne. Na ce masa ai ɗigo ne kawai.

"Mu ma in kana bisa, ɗigo muke," in ji shi. Ya saɓa sandarsa ya tafi neman shanunsa da suka bazu.

Wani sanyi ya ratsa ni wanda ya fi na ganin addar. Rabin sa'a da ta wuce ni ne ɗigon, mutane sun gan ni daga nesa sun yanke hukunci, kuma da Baba Alhasan bai tsaya ya faɗi ko ni wane ne ba, da an gama.

Na ci jarrabawar, amma ni ne na fi kowa jinkiri a ajinmu. Yanzu da nake koyar da ku, kuna gunaguni wai ina kayar da mutum kan tambaya ɗaya ko da ya harbo daidai. Ina jin ku. Abin da hannu ya saba a na'ura shi zai yi a sama, kuma a ƙasa akwai mai shanu da ba zai ji muryar rediyonku ba.