Jar Motar da Mijinyawa Ya Yi wa Gata

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Bauchi da Jos a zamanin da Pijo ke tashe, in bai shiga motar Mijinyawa ba, to ya ga ƙeyarta. Ɗan siririn mutum ne, gajere, sai ya ɗora matashi a kujera kafin ya hango titi da kyau. Amma in ya riƙe sitiyari, ka rantse tare aka haife su. 'Yan tasha na cewa fasinja kan sayi masarsa da zafi a tashar Wunti, ya sauka Jos ba ta huce ba. Kowa dai ya san 'yan tasha da ƙarin gishiri. Abin da ba ƙari a ciki shi ne, duk gudun nan nasa, da hawan Panshanu da gangarensa, ko kaza bai taɓa takewa ba.

In an tambaye shi sirrin, amsarsa ɗaya ce: ɗumama mota. Haka ubangidansa ya koya masa tun yana wanke gilashi. Da an idar da sallar asuba, kafin koko, kafin gaisuwar kowa, zai tayar da injin ya bar shi yana gurnani a tsaye, shi kuma yana zagayawa da tsumma, kunnensa na saurare. "Ba a tashin mutum daga barci a ce ya yi gudu," in ji shi. "Mota ma haka take." Ba shi kaɗai ba, kaf direbobin garin nan haka suka tashi, kuma Pijo ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba.

Da girma ya fara kama shi, matarsa Saudatu ta sa shi gaba da mita har ya bar tasha. Ya zama direban Alhaji Mansir, wani attajiri mai sayar da kayan gini. Kullum daga gidansa na Ɗan Iya yake zuwa aiki, shi ke kai ɗan Alhaji makaranta, wato Sabitu, wanda tun yana ƙarami ba shi da zance sai na mota. Mijinyawa ya ga abin da ya shuka kuwa, domin Sabitu ya girma, ya sami aiki a ƙasar waje, ya shiga sahun masu zuwa filin tseren motoci a ranakun hutu. Wata shekara da ya zo ganin gida, sai ga tirela ta biyo bayansa ɗauke da motoci biyu.

Wayyo, ranar nan unguwa ba ta yi aiki ba. Ɗaya ja ce jawur, 'yar Italiya, shimfiɗe a ƙasa kamar kadangare a kan dutse, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba. Ɗayar ruwan toka, 'yar Jamus, ita ma ƙofa biyu, amma ba ta da wannan rawar kai. Mijinyawa ya tsaya gaban jar ya kasa rufe baki. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi, bai taɓa sanin ana ƙera irin wannan abu ba. Nan take ya raɗa mata suna Gimbiya. Ruwan tokan kuwa ko kallon kirki bai yi mata ba.

"To wacce ta fi, Sabitu?" ya tambaya.

Sabitu ya yi dariya. "Baba Mijinyawa, ya danganta da abin da kake so. Jar nan don fili aka yi ta. Kujerarta kamar benci, ba wurin sa ko jakar hannu, in ka shiga rami da ita sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Amma a fili, in ka kwantar da ita a kwana, ba ta san zamewa ba. Wannan kuma mai haƙuri ce. Ka je kasuwa da ita yau, gobe ka kai ta fili ta yi abin da ya kamata, jibi ta kai ka ɗaurin aure. In ta zama da ita ce, ruwan tokan ta fi. In ta gudu ce zalla, ja."

"Ashe dai 'Yar Aike ce," in ji Mijinyawa, yana yi wa ruwan tokan kallon raini. Sunan kuwa ya bi ta.

Da yamma Sabitu ya ce bari ya ɗan zaga gari da Gimbiya. Bai yi nisa da ƙofar gida ba ya iske tudun nan da ake yi wa titi don rage gudu. Ya lallaɓa, ya karkata, duk da haka haɓarta ta gogi siminti, ƙiiii! Mijinyawa na tsaye a bakin ƙofa, ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Da aka dawo da ita ya durƙusa ya shafa wurin, ransa a ɓace kamar ɗansa aka mara.

Ranar da Sabitu zai koma ya danƙa masa makullai. "Baba, amana. A riƙa fita da su suna shan iska, ko Yelwa ne a je a dawo. In na sake zuwa kuma, na yi maka alkawari, zan nemo fili mai santsi, ka shiga jar nan ka taka ta yadda ranka ke so."

Wannan alkawari ya zauna wa Mijinyawa a zuciya, ya zama shi ne abin da yake tashi da shi. Batun fita da ita kuwa, ya ji, amma bai ɗauka ba. A ganinsa maganar yaro ce. Gimbiya a titin Bauchi? Cikin 'yan Keke da ba su san birki ba sai sun ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe? Ga ramuka, ga tudu a kowace kusurwa, ga awaki? Allah ya kiyaye. Ya yanke wa kansa hukunci cewa tayarta ba za ta sake taka ƙasa ba sai ranar fili.

Sai ya yi mata gatan da ya sani. Kullum da sassafe zai yaye mata tampol, ya tayar da ita, ta yi ɗan gurnaninta a cikin gareji, ya kashe, ya goge ta tas, ya rufe. Ko da zazzaɓi bai fasa ba. Ranar sallah ma sai ya biya ya ɗumama ta kafin ya wuce idi. Saudatu kan ce, "Malam, ka gaishe min da 'yar gwal ɗin, ka ce ina neman albarka." Shi kuwa ko a jikinsa.

'Yar Aike ce ta ga ta kanta. Tunda an ce a fita da mota, sai ya sauke nauyin duka a kanta. Hajiya matar Alhaji na son kayan miya daga kasuwar Muda Lawal, 'Yar Aike. Za a duba gonar Alhaji, 'Yar Aike. Ta sha rana, ta sha ruwan sama, ta ɗauki buhun albasa a kujerar gefe, har kaji an taɓa sa mata. In Sabitu ya bugo waya ya ce yaya motoci, sai ya ce, "Lafiya lau, ba ranar da ba na kula da su." Ba ƙarya ya yi ba, kuma Sabitu bai taɓa tonawa ba.

Hutun da aka ce za a zo baɗi ya zama baɗin baɗaɗa, aiki ya riƙe Sabitu shekara bayan shekara. Ana cikin haka idon Mijinyawa ya fara ba shi labari. Gabansa yana gani tar, amma gefe ya soma rufewa. Mai babur zai fito ta damarsa, sai ya ji shi kafin ya gan shi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa sauri. Ya ce masa a fili, kwanakinsa a kan sitiyari ƙidayayyu ne. Mijinyawa ya ji tsoro, tsoro na gaske, ba ma na makanta ba kamar na kada ranar fili ta zo ta same shi ba ido. Girman kai ya hana shi gaya wa kowa. Saudatu ce ta sa mayafinta ta je ta faɗa wa Hajiya, Hajiya ta kira ɗanta ta wanke shi tas. Wata bai cika ba Sabitu ya sauka a Bauchi.

Ya cika alkawari kuwa. Wani abokinsa na gina rukunin gidaje a bayan Tirwun, an shimfiɗa kwalta doguwa miƙaƙƙiya, ba a fara gini ba, ba mai wucewa. Aka ɗora Gimbiya a tirela, Mijinyawa ya biyo da 'Yar Aike. Sabitu ya ɗauko wani makanike daga Jos mai suna Toma, wanda ya saba da irin waɗannan motoci. Safiya ce bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi garau, masara kore shar a gefen titi. Mijinyawa ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya zo da matashinsa a hammata.

Da aka sauke ta, Toma ya durƙusa ya danna taya da babban yatsa. Ya daɗe a durƙushe. Ya buɗe injin, ya shinshina baƙin mai, ya yamutsa fuska. Sabitu ya ce bari ya fara gwada ta a hankali. Ta tashi lafiya, da muryar nan da Mijinyawa ya haddace. Amma da aka nemi ta ja jikinta, sai ta yi tari, ta yi rawa, ta tofar da baƙin hayaƙi. Fitilu suka kunno a gaban direba ja da rawaya. Ba ta kai ko inda ake jin kira ba ta mutu, mai na ɗiga a ƙarƙashinta a kan sabuwar kwalta.

"Baba," in ji Toma, "yaushe rabon motar nan da hanya?"

"Hanya? Ai ban taɓa bari ta wahala ba. Kullum dai ina ɗumama ta, ko fashin rana ɗaya babu."

Toma ya kalli Sabitu, ya sosa ƙeya. Ba ya son faɗa, amma dole. Ya ce irin wannan injin ba ya yin zafin da yake buƙata a tsaye. In an tayar an kashe, gumi ke taruwa a ciki, ya gauraya da mai, ya kwanta a salansa ya ci ta. Fulogi sun toshe da baƙi. Robobin da ke riƙe mai sun bushe sun tsage don ba a motsa su ba. Tayoyin kuwa sun ƙandare, gindinsu ya baje saboda tsayuwa wuri ɗaya, ko injin na lafiya ba mai hankalin da zai yi gudu a kansu. "Da rufe ta ka yi ka manta da ita, Baba, da ɓarnar ba ta kai haka ba."

Kunya ce ta fara kama Mijinyawa, sannan baƙin ciki ya biyo ya danne ta. Sabo turken wawa, haka aka ce, amma shi bai taɓa zaton karin maganar nan da shi take ba. Duk safiyar da ya bar kokonsa ya huce saboda ita, ashe cutar da ita yake, da hannunsa, da bisimillarsa. Ya so Sabitu ya yi masa faɗa, ko ya ji sauƙi. Sabitu kuwa cewa ya yi, "Ni ne ban tambaya da kyau ba, Baba. Za a gyara ta." Da Mijinyawa ya tambayi yaushe, Toma ya ce sai an kai ta Legas, a aika waje a kawo kaya, watanni dai, wataƙila shekara. Su ukun kowa ya san idon ba zai jira ba.

Toma ya duba 'Yar Aike, ya ce wannan kam garau take, wahala ta karɓe ta. Sabitu ya miƙa wa Mijinyawa makullinta. "Ga fili, Baba. Kada mu tafi haka."

Ya shiga ba da son ransa ba. Ya gyara matashi, ya miƙe ta, ya taka totur kamar yadda bai taɓa yi mata ba. Subhanallahi! Kujera ta cafke bayansa, masara ta zama koren zare, muryar da bai san tana da ita ba ta cika masa kunne. Ya taɓa birki a ƙarshen titi, ta tsaya cak ba ko karkata. "Ashe haka kike," ya ce da ita a hankali. "Ni ina ta ɗora miki albasa." Ya ji daɗi, ba zai yi musu ba. Amma da ya juyo ya hango jar can a tsaye a rana, daɗin ya gushe.

Masu tirela suka sauko da katako za su mayar da ita sama. Sabitu ya nufi ƙofarta, sai Mijinyawa ya riƙe masa hannun riga.

"Sabitu, bar ni in riƙe mata kai."

Ya cire takalmansa ya ajiye a kwalta, ya sunkuya ya shige. Kujerar kuwa kamar benci, yadda aka faɗa. Ya kama sitiyari da hannu biyu. Toma da Sabitu da masu tirela suka sa kafaɗa suka tura, ta fara gangarawa shiru, ba injin, sai ƙarar busassun tayoyi. Ya daidaita ta da katakon, ya ɗan karya dama, ya miƙe, ta hau ba ta gogi komai ba. Hawaye na zuba masa a kan farar shadda, bai saki sitiyari ya share ba.

"Baba, ta hau, taka birki!" in ji Toma.

Sai a lokacin ya lura ƙafarsa na kan totur, ya danne shi har ƙasa tun da aka fara turawa.