Gwaggo Safara'u, Wadda Aka Zaunar

Kai mai karanta wannan, idan akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa a gidanku, kada ka zaunar da ita wuri ɗaya ka ce jinƙai ne.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran ƙanwar mahaifina, Gwaggo Safara'u, a Tursa.

Gwaggo, ke kika riƙe ni a Wurno har na gama sakandare. Ke ce mai taka ƙafa zuwa garkar albasarki da sassafe, ki dawo ki bi gidajen masu jego da ƙwaryar kunu. Da gwiwoyinki suka fara ciwo, ba ki fasa ba, sanda kawai kika yanka.

Likita ya duba ki ya ce guringuntsin gwiwa ne ya cinye. Ya ce ki riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, ki motsa ƙafa don cinya ta yi ƙarfi, a rage miki maiƙo saboda nauyi. Ɗanki Halliru ya ƙi. Ya ce da ni, "Yaya Laraba, mi mutane ka cewa in sun ga uwata tana ɗingishi bisa hanya ina raye?" Ya sayo katifa, ya ba da garkar aro. Buta a kawo miki, tuwo da man shanu a kawo miki. Jiki ya yi nauyi, ƙafa ta saki. Shekara ba ta zagayo ba sai da aka koma ɗaga ki.

Zuwana na ƙarshe kika ce, "Laraba, ko ƙohwar gida ban gani. Albasa ta yi kuwa bana?"

Ajali na Allah ne, ban ja da wannan ba. Amma zaman da kika yi kafinsa, mutane suka ɗora miki, don gudun bakin mutane.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Halliru, da ƙauna ka yi, na sani. Allah Ya ba ka haƙuri, kai da matarka Mahbuba da sauran dangi na Rabah da Goronyo.

Yanzu gwiwar surukata, Inna Humaira, ta fara. Na tara 'ya'yana na faɗa musu: kowace safiya Inna za ta taka zuwa gidan ƙanwarta ta dawo. Mai son lada ya riƙe mata hannu. Wanda ya ce mata "zauna ki huta", da ni zai yi.