Lauyan Gindin Bedi

Malam Badamasi bai taɓa shiga makarantar lauyoyi ba, ko don fake wa ruwan sama. Abin da ya mallaka tebur ne mai ƙafa uku da rabi, da tsohuwar tafireta, da inuwar wani bedi a ƙofar wata kotun majistare a ƙasar Kankara. Shekara ashirin da shida yana wurin. Aikinsa na gaskiya buga takardun rantsuwa ne: ta shekarun haihuwa, ta canjin suna, ta ɓatan lasin. Da hannunsa ya mayar da dattawa da yawa samari, har akwai wanda a takarda ƙanensa ya girme shi da shekara huɗu.

Amma ba tafireta ta yi masa suna ba, baki ne. Duk wanda aka kawo kotu sai danginsa sun biyo ta gindin bedin nan, shi kuwa maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta.

"Ka amsa laifi, ka sunkuyar da kai, ka ce kana da iyali. A ci ka tara, ka kwana ɗakinka. In ka ɗauko lauya, ɗage zama za a yi ta yi har gemunka ya yi fari."

Kuma maganin yana ci. Masu dambe a kasuwa, mai shanun da suka shiga gonar wani, ɗan acaɓan da ba takarda, duk sun sha sun warke. Daga nan aka fara ce masa Barista. Yakan ce, "Ni fa ba lauya ba ne," yana faɗi yana gyara zaman hularsa ta yadda ba mai yarda.

A farkon wata damina aka kawo Almu, manomi daga wani ƙauye kusa da Yankara. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ne ya mutu, ya shiga kasuwar Yankara ya sayi wani sa ya haɗa. Mako biyu sai ga wani mutumin ƙasar Kankara ya gane san ta tsagar kunne, ya ce nasa ne da aka kora. Ranar Litinin Almu yana zaune a benci a barandar kotu, ankwa a hannu, yana kallon hadari. Badamasi ya tako.

"Mi ka yi?"

"Sa na saya, Malam."

"Guda nawa?"

"Ɗaya. Ai akwai ma..."

"Sa ɗaya ai ba magana ba ce. Na ga mai garke ya koma gida kafin la'asar."

Almu ya ce an faɗa masa akwai lauyar da ke tsaya wa marasa ƙarfi, tana zuwa ran Alhamis, in yana so a jira ta.

"Alhamis? Ka kwana uku kana ciyar da sauro, ga ƙasa ta sha ruwa? Wa zai yi maka huɗa, lauyar?"

Da aka karanta tuhuma, alƙali ya tambayi Almu har sau biyu ko ya gane ana cewa ya karɓi dukiyar sata yana sane. Almu ya ɗaga ido ya dubi taga. Badamasi yana tsaye a waje, ya gyaɗa masa kai. Almu ya amsa, ya sunkuyar da kai, ya ce yana da iyali. Aka yanke masa shekara uku, ba zaɓin tara. Abin da Badamasi bai sa a ransa ba shi ne, a shekarun nan da aka kwashe wa mutane garkuna, maganar san sata ta daina zama 'yar'uwar dambe a kasuwa.

Ranar bai ƙara buga ko harafi ɗaya ba. Ya yi ta gaya wa kansa ai ba shi ya riƙe alƙalami ba. Hujjar ta yi kyau, sai dai ko shi kansa ba ta gamsar da shi ba.

Ran Alhamis da hantsi wata mata ta durƙusa a gefen teburinsa, ta ajiye ƙwarya mai ƙwan zabi goma sha biyu. Ta ce ita ce Suwaibatu, matar Almu.

"Baban Nasir ya aiko mani cewa kai ne lauyanshi, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah ya saka da alheri. Na ce bari in kawo wannan ko za ta yi amfani."

Ta kwance bakin zane ta fiddo takarda. Takardar ciniki ce ta kasuwar shanu, da tambari, da sunan dillali, da shaidu biyu. A ƙasan kwallar jerenta take ajiye, tare da katin rigakafin yara, inda matan ƙauyensu ke adana duk wata takardar da miji ya shigo da ita.

"Bai faɗa maka akwai ta ba, Malam?"

Badamasi ya tuna "Ai akwai ma..." ɗin da Almu ya fara faɗa. Shi ne ya taka maganar da tasa.

Ya miƙe ya ce ta biyo shi wurin lauyar nan mai zuwa ran Alhamis. Barista Ummu Salma, 'yar garin Sabuwa ce, ba ta kai sa'ar 'yarsa ta fari ba, kuma shekara uku yana ce mata Jemage saboda baƙar rigar aiki. Ta karanta takardar a kan bayan motarta, ta sake karantawa.

"Da wannan ya jira ni, da yanzu yana gona. Amma mutum ya amsa da bakinsa, ɗaukaka ƙara za ta yi wuya, sai in an nuna tura shi aka yi, bai san abin da yake amsawa ba. Wa ya ce mashi ya amsa, Baba?"

"To... kin san jama'a da ba da shawara."

"Jama'a ba ta yin rantsuwa. Mutum ɗaya nake nema, mai suna da sa hannu."

Ta san ko wane ne, duk kotun ta sani. Ba ta kuma ɓoye masa ba: ranar da takardar rantsuwar ta shiga, za a ɗage teburinsa daga ƙofar kotu, wataƙila ma a tuhume shi da yin aikin lauya ba izini. Badamasi ya dubi bedin, ya dubi Suwaibatu, wadda har yanzu ba ta gane zancen wa ake yi ba, tana ta sa masa albarka.

Ya koma ya zura farar takarda a tafireta. Mutumin da yakan gama rantsuwar wani kafin shayi ya huce, sai da aka kira azahar yana kan tasa. Sau uku yana rubuta "na ba shi shawara" yana yagewa. A na huɗu ya buga: ni na hana shi jiran lauya, ni na katse shi lokacin da zai ambaci takarda, ni na gyaɗa masa kai ta taga. A duk rantsuwoyin da suka fita daga tafiretar nan, ita ce ta farko da ba a rage wa komai ba.

Ummu Salma ta karɓa ta sa a jaka. "In an tuhume ka, Baba, kada ka amsa sai na zo."

Ba a tuhume shi ba, amma an kore shi daga gindin bedi. Yanzu teburin yana bakin tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da rake, inda ba mai ce masa Barista sai yaran mota in suna son tsokana. Babbar kotu ta ba da belin Almu bayan wata huɗu, ana cikin yankan gero. 'Yan'uwa sun noma masa abin da suka iya, rabin gonar ciyawa ta ci. Ƙarar tana nan, an ɗage ta sau biyu, gemun Almu ya fara furfura, Badamasi kuwa bai sake yin barkwancin gemun nan ba.

Almu ya zo har tasha ya gaishe shi. Badamasi ya shirya roƙon gafara mai tsawo, ya fara ke nan Almu ya tare shi.

"Haba Malam, ai rubutacce ne. Kai ma taimako ka yi nufi."

Da zagi ya yi, da Badamasi ya sami abin riƙewa.

Ƙwan zabin nan bai iya ci ba, bai kuma iya mayarwa ba. Matarsa ta sa wa kaza ta kwanta a kai, tara suka ƙyanƙyashe. Sun girma, kullum da safe suna kan katanga suna ta kwarmato, ba mai sauraren wani. Ya aika ƙauyen Almu sau biyu a zo a kwashe su, Suwaibatu ta ce kyauta ba ta komawa. Matarsa ta ce to a yanka ɗaya mana. Ya ce a bar su, ba nasa ba ne.